Jakadan Habasha a Siton Al Quoz

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka naɗa ni jakadan Habasha ba, duk da cewa sarautar ba ta kai la'asar ba aka tuɓe ni.

Ni tarihi na karanta a jami'a a Kano, kuma ba irin tarihin da ake samun aiki da shi ba. Na maƙale wa wani zamani ne da ko malamanmu ba su cika damuwa da shi ba, wato ƙarnukan nan da suka gabaci zuwan Musulunci, lokacin da daular Rum ta tsufa ta koma gabas, Farisa tana kan ganiyarta, Habasha kuma tana buga kuɗinta na zinariya tana tura jiragen ruwa Yaman. Na rubuta kundin kammala digiri a kai, aka yaba, aka ba ni takarda. Takardar nan ita ta kawo ni Dubai ina lura da shigar kaya da fitarsu a wani kamfanin kago. Mutumin da ya san hanyar da alharini ya bi daga Sin zuwa Rum, shi ne yake tsaye cikin rana da riga mai ƙyalli yana nuna wa direba inda zai sauke kwantenar tayil.

Ilmin da ya rasa wurin zuwa kuwa a kan abokan zama yake ƙarewa. A filat ɗinmu na Al Nahda, duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci an ci shinkafa, sai a kunna fim. In tsautsayi ya sa aka zaɓi fim ɗin mutanen da, to ranar babu mai jin daɗi. Ana tsakiyar yaƙi zan tsayar da hoton in miƙe tsaye. "Ku dubi dokin nan. Likkafa! Rumawan wancan lokacin ba su san likkafa ba." A ci gaba, sarauniya tana cin abinci, in sake tsayarwa saboda na hango tumatir a faranti. Sojan ƙarni na shida sanye da sulken kakan kakansa, wannan kam har huci nake yi, in ce daidai yake da a ba sojan yau kwari da baka a ce ya tsaya a shingen hanya. (Na sani, na sani. Ni ma da ni ne su, da na kore ni daga ɗakin.)

Wanda ya fi shan wahalata shi ne Bitrus, mutumin Kafanchan, mai aikin lantarki a wani kamfani da ke ba masu shirya fim hayar fitilu. Shi ya sa min suna Farfesa, kuma shi ne yake ɓoye rimot a cikin buhun shinkafa. Amma shi ɗin dai ne ya shigo wata rana, a shekarar da ta gabaci korona, ya zauna a bakin katifata ko takalmi bai cire ba.

"Farfesa, ga damarka ta zo," ya ce. "Larabawa suna shirya wani dogon wasa na watan azumi, kuma a kan zamanin nan naka ne da kake damun mu da shi. Suna neman dogayen baƙaƙen mutane da za su fito a tawagar Habasha zuwa fadar sarkin Farisa. Ba magana za ku yi ba, cika fili kawai."

Na ce masa ni ba ɗan wasa ba ne.

"Tsaya mana. Akwai wata tsohuwa 'yar Bagadaza, Dakta Samira, ita ke duba musu tarihi. Tana neman mataimaki wanda ya san Habasha da Yaman. Aiki ne sosai, da salari, da biza, da ofis mai sanyi. Ka shigo cikin masu cika fili, ni kuma in kai ka gabanta. Amma don Allah ka bar halinka a gida."

Shekaru ina gaya wa kaina na haƙura da tarihi, ashe ƙarya nake yi. Ina son aikin nan kamar raina.

Kafin mu shiga siton da ake ɗaukar wasan, akwai abu ɗaya da ya kamata ku sani game da ni. Gidanmu a garinmu yana kallon ƙofar hakimi ne, kuma tun ina ɗan ƙarami Baba yake jan mu gaisuwar Juma'a. Tun daga nesa za a tuɓe takalmi, a shiga zaure a sunkuye, a zube, a ɗaga hannu a yi jinjina. Da na shiga jami'a na karanta littattafai biyu-uku, sai na zama ɗan ra'ayin sauyi. Na ce durƙuso ragowar bauta ne, ni ba zan sake kai gwiwata ƙasa don wani ɗan Adam ba. In na je gida hutu, ta bayan kasuwa nake zagayawa don kada in bi ta ƙofar fada. Wannan wa'azin ma Bitrus ya sha shi har ya haddace.

Ranar Asabar da safe muka isa. Sito ne kamar kowane sito a Al Quoz, bangon kwano, gefensa garejin gyaran motoci, ɗaya gefen masu yankan marmara suna ta tayar da farar ƙura. Aka kai mu wani ɗaki aka naɗa mana fararen mayafai masu jan baki, aka ba mu takalman fata masu igiya da mundaye na tagulla. Sai mai kula da kayan sawa ya miƙo min sarƙa mai gicciye, domin Habashawan wancan lokacin Kiristoci ne, kuma ni na fi kowa sanin haka a ɗakin. Na ce masa wuyana yana ƙaiƙayi in ƙarfe ya taɓa shi. Bitrus yana bakin ƙofa da naɗin waya a kafaɗa, ya ce, "Farfesa, ina gaskiyar tarihin ta tafi?" Na yi kamar ban ji ba.

Dakta Samira 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai farin gashi da sanda, amma mun same ta ta tsare wani ƙaton mutum tana yi masa faɗa saboda ta ga zif a rigar wani bafade. Nan take na ji na ga 'yar uwa. Bitrus ya gabatar da ni ya janye. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "An ce ka karanta zamanin nan. To, kai jakada ne, ka iso fadar Farisa. Me za ka yi?"

Na ce zan rufe bakina da farin ƙyalle don kada numfashina ya kai ga sarki. Ba zan gan shi ba sai an janye labule. Ba zan yi magana ba sai an ba ni izini. Na ƙara da cewa kambin da zan gani ba a kansa yake zaune ba, da sarƙa aka rataye shi daga sama, domin nauyinsa ya fi ƙarfin wuyan mutum.

Ta cire tabaran. "A ina ka koyi wannan?"

"A Kano, Dakta."

"Kano," ta maimaita, kamar tana ɗanɗana sunan. Ta kira wani ta ce a sa ni a gaban tawaga, ni ne jakadan. Sannan ta ce in an gama ɗauka in neme ta, mu yi maganar aiki. Wallahi a ƙafa na koma layi amma ban ji ina taka ƙasa ba. Har na fara tsara yadda zan yi wa manajan kamfaninmu sallama cikin ladabi mai ciwo.

Sai darakta ya zo, wani ɗan Siriya mai ƙiba da murya kamar ta mai sayar da gas. Ya tara mu a gaban wata babbar ƙofa da aka rufe, ya yi mana bayanin yadda yake aiki. Ya ce da gangan ya hana kowa a cikinmu leƙa fadar, ko hotonta bai bari mun gani ba. Kyamarori suna ciki sun saita fuskokinmu, kuma ɗaukar farko ita ce ɗauka. "Ku ba 'yan wasa ba ne, ba ku iya ƙaryar mamaki ba," ya ce. "Saboda haka na gaske nake so. Mutum sau ɗaya yake mamakin abu. Ku taka a hankali, shuwayya shuwayya, har inda aka sa alama a kan darduma. Ƙyalle a baki, kai a sunkuye, kada in ji ko tari. Yalla!"

Ni kuwa a raina dariya nake yi. Wane mamaki? Katako ne da soso da fenti, na sani, Bitrus ya faɗa min har manyan motocin da suka kawo su. Na ƙudura cewa zan shiga da idon malami, in tattara kurakurai uku ko huɗu in kai wa Dakta a matsayin tsaraba.

Aka buɗe ƙofa.

Jama'a, ban san yadda zan faɗa muku ba. Abin da na fara ji shi ne ƙamshin turaren wuta, da wani sanyi, da shiru. Na ɗaga ido sai na ga rufin ya tafi. Wani bakan gizo ne ya tashi daga bango zuwa bango, ya yi sama, ya yi sama, shuɗi mai duhu an yayyafa masa taurarin zinariya, har na rasa inda ya ƙare. Haske yana saukowa ta cikin hayaƙin turaren a tsaye kamar ginshiƙi. (Bitrus ne a can sama yake riƙe da wannan hasken, amma a lokacin ko da an rantse min ba zan yarda ba.) Dardumar da ke gabanmu lambu ce guda, da itatuwa da furanni da ƙoramu masu walƙiya, mutum yana jin kunyar taka ta. Dama da hagu dakaru ne cikin sulke har fuska, idanu kawai ake gani, ba mai motsi. Bayansu fadawa sun jeru da rigunan alharini, kowa ya cusa hannayensa cikin hannun riga. Wata ganga tana bugawa can ƙasa-ƙasa, a ƙirji nake jin ta ba a kunne ba.

Na nemi kurakuran da na zo tattarawa na rasa. Duk abin da na karanta a ɗakin karatu mai ƙurar nan, ina korar sauro ina kwafa a takarda, ga shi a tsaye yana numfashi. Na ji hawaye yana neman zuwa. Muna tafiya, ƙyallena a baki, zuciyata tana bugawa tare da gangar.

A ƙarshen zauren akwai labule ja mai nauyi. Gangar ta tsaya. Labulen ya fara janyewa a hankali, ba a ganin mai jan sa.

Ga shi nan a zaune a kan karaga da dawakan zinariya masu fukafukai suka ɗauka. Gemunsa yana ƙyalli. Kambin yana bisa kansa, ƙato, da duwatsu ja da kore, sarƙar da ta riƙe shi siririya ce har ba a ganin ta, sai ka rantse shi yake ɗauke da wannan nauyin ko gezau. Bai motsa ba. Ko ƙifta ido bai yi ba. Can sai idanun nan suka juyo a hankali suka sauka a kaina.

Daga nan ba ni na yi sauran ba. Takalman nan masu igiya, yadda na zare su a bakin darduma har yau ban sani ba. Ƙyallen ya faɗi. Na ji gwiwoyina sun bugi ƙasa, hannuna na dama ya dunƙule ya tashi sama, kuma wata murya da na sani tun ina yaro ta fito daga bakina, da ƙarfi, da Hausa tsantsa:

"Ranka ya daɗe! Allah ya ja zamanin sarki! Allah ya ƙara lafiya da nasara!"

Bakan gizon ya karɓi muryar ya dawo min da ita sau biyu, don kada wani ya ce bai ji ba.

Wanda ke bayana wani dogon ɗan Sudan ne da ke ɗauke da hauren giwa, kyautar da muka kawo wa sarki. Shi idonsa yana kan kambi, bai ga takalmana ba. Ya yi tuntuɓe da su, hauren ya suɓuce, ya bugi ƙasa, ya yi tsalle kamar ƙwallo, domin soso ne. Ya gangara cikin natsuwa ya bi ta gefena ya je ya tsaya a ƙafar karaga.

Sai daga can cikin taurarin zinariya na ji muryar mutumin Kafanchan: "An gaishe ka, jakada! Sarki ya amsa!"

Shi ke nan. Dakarun da ba sa motsi suka fara girgiza, sulke yana kacau-kacau. Fadawa suka fito da hannayensu suna riƙe ciki. Sarkin sarakuna ya yi ƙoƙari, na ga ya cije leɓe, amma dariyar ta ci ƙarfinsa ya sunkuya, kambin ya tsaya shi kaɗai a sama yana lilo. Ni kuma ina durƙushe, hannuna har yanzu a sama, na kasa tuna yadda ake sauke shi.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Darakta ya cire abin kunnensa ya yi jifa da shi. "Khalas! Khalas!" Ya nuna 'yan tawagata da suke ta sharar hawayen dariya. "Dubi fuskokin da na ɓoye fadar nan don su! Ina zan sake samun su? Wa ya kawo min wannan mutumin? Ku fitar da shi!"

Na miƙe na bi ta tsakiyar dakaru ba takalmi, ina ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na kai ƙofa ke nan mai kayan ya tare ni ya ce takalman nasu ne, sai na kawo. Haka na juya na sake ratsa fadar Farisa gaba ɗayanta, na sunkuya na tsince su, na sake fitowa. Wannan tafiya ta biyu ta fi ta farko ciwo.

Na zagaya bayan sito na zauna a kan wata tsohuwar taya kusa da janareta, da mayafin jakada a jikina, zafi yana dukana. Ma'aikatan gareji suna wucewa suna kallona, ba wanda ya tambaya, domin a Al Quoz an saba ganin komai. Ina nan zaune na ji ƙarar sanda a kan tsakuwa. Dakta Samira ce, wani yana biye da ita da kujerar roba da kofin shayi biyu. Na yi zumbur zan miƙe ta ce in zauna, na durƙusa isasshe yau.

Ta kurɓi shayi ta ce, "Me ka ce masa?"

Na ce, "Dakta, ki yi haƙuri, kuskure ne."

"Na san kuskure ne, ina wurin. Me kalmomin suke nufi?"

Na fassara mata kaina a ƙasa. Na ce addu'a ce, ransa ya yi tsawo, zamaninsa ya daɗe. Haka muke gaida sarakuna a wurinmu.

Ta sake kurɓar shayin. Sannan ta ce, "Kai da ka karanta a Kano, me littattafai suka ce ana faɗa wa sarkin Farisa idan an janye labule?"

Na sani sarai. Fatan dawwama ake yi masa, a ce ya rayu kada ya mutu. Na rubuta wannan da hannuna a kundina, har na yi sharhi a kai cewa alama ce ta girman kan sarakunan da. Ban taɓa kawowa a raina ba, ko sau ɗaya, cewa abin da Baba yake faɗa ke nan duk Juma'a ina gefensa.

Ta ce lokacin da take yarinya, makarantarsu ta kai su kangon fadar ta gaskiya a kusa da Bagadaza. Bakan gizon yana nan tsaye, tubali zalla, babu zinariya babu labule, tsuntsaye suna sheƙa a ciki. Tun ranar take tambayar kanta me mutum yake ji idan ya shigo wurin nan lokacin da yake da rai. "Littattafai sun faɗa min inda ake tsayawa da abin da ake sawa a baki," ta ce. "Ba su faɗa min wannan ba. Yau na gani. Ba su rataye kambin nan don ado ba, ɗana, don su yi wa mutum abin da aka yi maka ne."

Na ji daɗin maganar, har na samu ƙarfin tambayar abin da ke raina. "To Dakta, maganar aikin fa?"

Ta ajiye kofin a ƙasa. "Darakta ya rantse ba za ka sake taka siton nan ba, kuma na san shi, ba ya janye rantsuwa. Mataimakina kuwa a nan zai yini kullum. Na so in ɗauke ka, wallahi na so."

Ta dafa sandarta ta miƙe, ta ce in kula da kaina. Na bi ta da ido har ta sha kwana. Washegari Lahadi na koma bakin kwantena da rigata mai ƙyalli, kuma ba zan ɓoye muku ba, abin ya yi min ciwo ƙwarai, har yau in na tuna sai raina ya sosu. Dama irin wannan ba ta sake zuwa ba.

Amma akwai abin da yake ba ni mamaki fiye da yadda yake ba ni haushi. Mutanen da suka tsara wannan fada sun mutu fiye da shekara dubu, daularsu ta rushe, harshensu ma sai a littafi. Duk da haka kwaikwayon aikinsu kawai, na katako da soso a tsakanin gareji da masu yankan marmara, ya isa ya kai ni ƙasa ya kuma raba ni da aikin da na fi so a duniya. Waɗannan mutane sun san aikinsu.

Darasin da na ɗauka ba shi da tsawo. Karanta labarin abu daban, tsayawa a gabansa daban. In kuwa ka ga dole sai ka tsaya, to ka ɗaure igiyar takalminka tamau kafin a janye labule.